Sabuwar fitila ko asibitin ido? Zaɓin direban babbar mota da dare ya fara yi wa nauyi

Kawuna ya haura shekara talatin yana jan babbar mota, yawanci daga Dawanau zuwa kudu, kuma rabin tuƙin nan cikin dare ya yi shi. Bara muna zaune a ƙofar gida bayan sallar Isha'i ya ce da ni, "Ɗana, fitilun yanzu ba su da albarka. A da, da ƙwai biyu nake hango akuya tun daga nesa. Yanzu na ƙara huɗu a kan bamba, amma da zarar wani ya haske ni sai hanya ta ɓace mini ɗif." Na ce, "Kawu, anya fitilar ce kuwa?" Ya dube ni ya kawar da kai. Babu direban da ke son a taɓa masa zancen ido, don da shi yake ci da iyalinsa.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, wajen masu riwaya, wato masu gyaran wutar mota, wajen masu sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa, da kuma layin asibitin ido. Wannan rubutu na direban da ya ba arba'in da biyar baya ne, ko maigidansa mai mota, wanda ya ware 'yan kuɗi ya rasa inda zai zuba su: ƙwan LED, zenon (ƙwan da ke haske da iskar gas), ƙarin fitila, tabarau mai ruwan ɗorawa, ko ganin likita.

Koke biyu ne, kada a haɗa su

In ka saurari tsofaffin direbobi a Mararrabar Jos ko Tafa, ƙorafi biyu suke yi amma suna ɗaukarsa ɗaya. Na farko, "ba na hango nesa." Na biyu, "fitilar mai zuwa tana kashe mini ido." Maganinsu daban ne.

'Yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, wadda ke buɗewa cikin duhu, tana ƙanƙancewa da shekaru. Madubin da ke bayanta, wanda Allah ya halitta garau, shi ma yana yin kauri yana komawa ruwan ɗorawa. Masana ido sun ƙiyasta cewa hasken da ke isa can cikin idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya bisa uku ne na wanda ke isa idon ɗan shekara 20. Wannan shi ne koke na farko, kuma fitila mai kyau tana rage shi.

Koke na biyu kuwa daga cikin idon yake. Madubin da ya fara dusashewa yana watsa haske maimakon ya tattara shi, kamar gilashin gaba mai ƙura idan rana ta buge shi. Bayan mai zuwa ya wuce, idon dattijo ya fi na yaro daɗewa kafin ya dawo daidai. Ko fitila goma ka ɗaura wa motarka ba ta taɓa wannan matsalar ba. Yi lissafi: mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In ido ya yi daƙiƙa uku bai dawo ba, an yi mita 66 a makance, kusan tsawon tirela huɗu a jere, da tan talatin na masara a baya.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko shi ne nisan gani, wato ina hasken ya kai, ba yadda ya cika gaban bamba ba. Na biyu, me yake yi wa idon mai zuwa da kuma idonka kai kanka. Sai kuɗi, na saye da na maimaitawa. Sai ƙarko a kan hanyarmu mai ramuka da zafi da ƙura. Sai sauƙin gyara, domin abin da ya mutu maka a tsakanin Mokwa da Jebba ƙarfe biyun dare, tambayar ita ce ko mai riwaya na bakin hanya zai iya da shi. Na ƙarshe haɗari, har da na shiga hannun 'yan Road Safety. Batun kuɗi, zan kwatanta da abubuwan da direba ya sani, dizal da taya, don farashin kayan mota bin dala yake yi.

1. Gyara fitilar da ke jikin motar

Wannan shi ne zaɓin da ba wanda ke tallarsa, don babu kwali mai sheƙi a ciki, amma a nan na ga riba mafi yawa.

Fara da murfin fitilar. Na roba yana ƙonewa da rana ya koma kamar ruwan kunun tsamiya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan a 2018, ta samu cewa fitilar da murfinta ya dusashe kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa na hasken sabuwa. Gogewa da gyarawa ya mayar da ita kusan kashi 70, sauya ta da sabuwa ta asali kuma ya dawo da hasken duka. Ke nan mutum na iya yawo da ƙasa da rubu'in haskensa yana zagin ƙwai. Illar gogewa ita ce, in ba a shafa maganin kariya daga rana a kai ba, bayan wasu watanni sai ya koma gidan jiya. Leƙa cikin kwanon kuma. In azurfar da ke mayar da haske ta ƙone ko ruwa ya shiga ta yi baƙi, gogewa ba ta da amfani, sai sauyi.

Na biyu wuta. Ƙwan halojin, wato ƙwan fitila na yau da kullum mai zare a ciki, yana da saurin fushi da ƙarancin wuta: in ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske na raguwa da kusan kashi 30. Tsohuwar mota mai wayoyi da aka yi ta ƙulle-ƙulle, soket mai tsatsa, da wayar as (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) da ta saki, duk suna shan wutar kafin ta isa ƙwai. Mai riwaya ya sa mita a bakin ƙwan, inji na aiki, fitila a kunne, ya kwatanta da abin da ke kan batir. In tazarar ta yi yawa, rile biyu (makunnin da ke jawo wuta kai tsaye daga batir) da waya mai kauri da fis sun wadatar. Na tsaya a kan motar kawu aka yi haka. Ƙwai ɗaya ne, ba a sauya ba, amma hasken da ya faɗa kan katanga ya tashi daga ja-ja zuwa fari, har yaron mota ya yi dariya ya ce an yi mata wanka.

Na uku saiti. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, da katanga, ka tsayar da mota mita 10 daga katangar. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka zana layi da gawayi a katangar daidai wannan tsayin. Kunna dim. Iyakar hasken ta sama ya kamata ta faɗo ƙasa da layin. A jikin fitilu da yawa an buga adadin, kamar 1.0% ko 1.5%, ma'ana santimita 10 ko 15 a wannan tazarar. A duba mota ba lodi, a sake dubawa da lodi, domin nauyi a baya yana ɗaga hancin mota, dim ɗinka ya koma ful a idon jama'a, kai kuma kana haska rassan bishiya.

Ga wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Fitilar da aka ƙera don irin hanyarmu, iyakar haskenta tana ɗagawa ta ɓangaren dama, don ta haska gefen titi da masu tafiya a ƙasa. Motocin da aka shigo da su daga Ingila aka juya musu sitiyari, galibi ba a sauya musu fitila, ita kuwa ta hagu take ɗagawa, kai tsaye cikin idon mai zuwa, ta bar maka gefen titi cikin duhu. A katanga za ka gane nan take. A jikin murfin ma, kusa da tambarin E na ingancin Turai, kibiya mai kai ɗaya alama ce ta fitilar ƙasashen da ke bin hagu. Irin wannan ba ta saituwa, sauyawa ake yi.

Kada a manta da gilashin gaba ta ciki. Hayaƙin sigari da maiƙon hannu suna yin wani dafi da ba a gani da rana, da dare kuwa kowace fitila sai ta zama tauraruwa mai wutsiya. Tsohuwar waifa mai karce gilashi haka take yi.

Kuɗin duk wannan, in ba sauya kwano za a yi ba, bai kai dizal ɗin Kano zuwa Zariya ba. Haɗari babu, sai dai a samu mai riwayar da zai ɗaura waya ba fis.

2. Ƙwan halojin mai kyau

Motocin Turai da na Sin, irin su DAF, MAN, Marsandi da Howo, wutar bolt 24 suke amfani da ita. Na Amurka kamar Mack kuwa 12. Ƙwan H4 na 24 wat 75/70 ne, H7 kuma wat 70. Manyan kamfanoni suna da ƙwai na musamman don manyan motoci, masu jure girgiza, irin su Truckstar na Osram da MasterDuty na Philips. Matsalar kasuwarmu jabu, kwali ɗaya abin ciki daban, don haka wurin saye ya fi sunan da ke kan kwali muhimmanci.

Halojin yana da abu biyu da suka dace da idon dattijo. Haskensa mai ɗumi ne, ba ya ɗaukar ido kamar fari mai shuɗi-shuɗi, kuma an ƙera kwanon fitilar ne daidai da shi. In ya mutu, kowane gari akwai shi, minti biyar an sauya. Rauninsa gajeren rai, awanni ɗaruruwa ne ba dubbai ba, kuma yana dusashewa kafin ya mutu, shi ya sa ake sauya biyun tare. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa.

Iri biyu ne zan ce a guje su. Masu wat 100 ko 130, waɗanda ke narkar da soket su ƙone azurfar kwano, a ƙarshe a koma ƙasa da inda aka fara. Da masu fentin shuɗi da ake cewa "kamar zenon": fentin tace haske yake yi, ba ya ƙara komai.

3. Ƙwan LED a cikin kwanon halojin

Wannan shi ne abin da kowa ke rububi, kuma shi ne ya fi yaudara. Ranar da aka sa shi, direba zai ga gaban motarsa fari tas kamar filin biki, ya ce kuɗinsa sun yi amfani.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwanon fitila an lissafa shi ne a kan ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan halojin, wanda ke zaune a wuri guda yana haske ta kowace fuska. LED kuwa 'yan ƙwayoyi ne a manne a gefe biyu na allo. In ba su zauna daidai inda zaren yake ba, ko allon ya yi kauri, kwanon ba zai tattara hasken ya jefa shi nesa ba. Sai ya zube a gaban bamba, wani ya tashi sama cikin idon mutane. Shi kuma wannan farin da ke kusa yana sa ƙofar idonka ta ƙara tsukewa, nesa ta ƙara yin duhu. Ga wanda ƙofar idonsa ta riga ta ƙanƙance da shekaru, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai launi. Yawancin waɗanda ke kasuwa fari ne mai shuɗi, wanda aka rubuta 6000K ko 6500K a ma'aunin launin haske, halojin kuwa wajen 3200K yake. Irin wannan farin ya fi damun ido, musamman idan ya dawo daga allunan hanya ko hazo. Lambobin wat da ƙarfin haske da ake bugawa a kwalayen masu araha kuwa, a karanta su kamar alkawarin ɗan siyasa.

Ƙarko ya danganta da sanyaya shi. Da yawa suna da 'yar fanka a baya, ƙurar hunturu kuwa ba ta barin fanka. Da ta tsaya sai ƙwan ya dusashe ko ya fara ƙifta ido. A tabbatar kuma an rubuta yana ɗaukar wutar 24.

Ba duka ne marasa kyau ba. Jamus ta fara amincewa da wasu ƙwayayen LED na sauyi a 2020, amma ga motocin da aka gwada su a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ingila kuwa tun 2021 motar da aka cusa wa LED a kwanon halojin faɗuwa take yi a gwajin shekara. Wanda ya nace, ya sa mai kaya ya gwada a katanga kafin a biya. In iyakar hasken ta fito a yanke sarai kamar ta halojin, to da dama-dama. In ta watse kamar an zubar da nono, a cire.

4. Zenon

Ba zan daɗe a nan ba, don yayinsa na wucewa. Haskensa ya ninka na halojin, wat 35 kawai yake ci, amma sai a fitila mai ƙwayar gilashi da aka yi dominsa. A kwano na yau da kullum makantar da jama'a kawai yake yi. Yana da akwatin wuta da ke harba dubban bolt lokacin kunnawa, wanda ruwa da girgiza ke kashewa, kuma yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya cika haske, ke nan bai dace da ful da ake kunnawa ana kashewa ba. In motar da shi ta zo, a riƙe shi a kula da shi. In ba haka ba, a bar shi.

5. Cikakkiyar fitilar LED, kwano da komai

Wannan daban take da lamba 3. An ƙera kwano da ƙwayoyin tare, don haka hasken na tafiya inda ya kamata, da faɗi da nisa da iyaka mai kyau. Ta fi kowane zaɓi na fitila kyau idan ta gaske ce mai tambarin inganci. Tsofaffin motoci masu fitila zagayayyiya ta inci 7 ko mai kusurwa huɗu sun fi samun sauƙi, domin akwai masu shiga gurbinsu kai tsaye.

Tsada ce matsalarta, biyun na iya kama kuɗin taya ko fiye. Tana daɗewa shekaru, amma ranar da dutse ya fasa ta ko ta mutu, ba ƙwai za ka sauya ba, dukkanta ce, kuma ba a Lambata za ka same ta ba. Ɓarayin tasha ma sun san darajarta. Jabunta kuma ya cika kasuwa, mai zobe-zobe da ado, hasken kuwa ba tsari.

6. Ƙarin fitila a bamba ko saman kai

A dajin da babu kowa, tsakanin Potiskum da Damaturu misali, ƙarin fitila mai jefa haske nesa tana da amfani na gaske: shanu, motar da ta lalace aka bar ta ba alama sai ganye, rami. Sharaɗi ɗaya ne, a haɗa ta ta rile da ful, yadda da an yi dim za ta mutu da kanta. Wadda aka ba makunni nata daban ita ce ake mantawa da ita a kunne.

Abin da ke faruwa a hanyoyinmu kuwa ramuwar gayya ce. Ya haske ni, na haske shi, kowa ya ƙara fitila. Direbobi biyu makafi suna tunkarar juna a kan titi mai hannu ɗaya, kowanne yana jin shi ya yi nasara. A wannan fafatawa dattijo ne ke faɗuwa, don idon yaron da ya haska zai dawo kafin nasa. Cikin hazo kuma fitilar saman kai ita ce mafi muni, tana gina farin bango a gaban gilashi. Ta ƙasa, kusa da titi, ita ke aiki a lokacin. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan fitilu, don haka a sa da lissafin tsayawa a shinge.

7. Tabarau mai ruwan ɗorawa

Ana tallarsa a tasha da Facebook da sunan gilashin tuƙin dare. Yana da araha, kuma yana sa mutum ya ji sanyi a ido. Masu bincike a cibiyar ido ta Schepens da ke ƙarƙashin jami'ar Harvard sun gwada shi a 2019, suka ga bai taimaka wa direbobi wajen hango mai tafiya a ƙasa ba, ko da fitila na haska su ko babu. Dalili a fili yake: duk gilashi mai launi rage haske yake yi, idon da ke kukan ƙarancin haske kuma an ƙara rage masa. Masu tuna tsofaffin Fijo 'yan Faransa masu fitila ruwan ɗorawa za su ce ai Turawa ma sun yi. Sun yi, doka ce a can har zuwa 1993, amma a fitila aka sa launin don sauƙaƙa wa mai zuwa, ba a kan idon direba ba. Baƙin gilashi da dare kuwa, wannan ba ya buƙatar bayani.

8. Asibitin ido

Na ajiye shi kusan ƙarshe don shi ne ake gudu. Tsoron a fahimce yake: kada likita ya ce ka daina tuƙi, kada maigida ya ji ya karɓe makulli. Amma yawancin abin da ake samu masu gyaruwa ne.

Mafi sauƙi, ido na buƙatar gilashi. Ƙaramar matsalar hangen nesa da ba ta damun mutum da rana tana fitowa da dare, fitilu su riƙa yin jela. Gilashin da aka auna, fari, mai shafin hana ƙyalli, yana gyara wannan. Ba irin na karatu da ake saya a tire ba, wancan na kusa ne.

Sai yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye. Mutane na jira sai sun ga fari a ido, alhali tun kafin nan take fara aiki, kuma alamarta ta farko sau da yawa ita ce ainihin koken kawu: fitilar mai zuwa ta fashe ta cika ido, da zobe kewaye da ita. Aikinta bai fi rabin awa ba, ba a sa mutum barci, ana cire madubin da ya dusashe a sa na roba wanda ba ya sake yin yana. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. A irin waɗannan wurare kuɗin aikin ido ɗaya sau da yawa bai kai na sabuwar tayar tirela ba. Ainihin tsadar ita ce makonnin da za a yi ba a hau mota ba, har sai likita ya sallama. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke kuwa, a yi nesa da su, idanu da yawa sun tafi ta nan.

Hawan jinin ido shi ne mugun, domin ba ya ciwo, gefe-gefen gani yake ci a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Direba na ganin gabansa sarai amma mai babur da ke fitowa daga gefe sai ya zo dab. Awo ne kaɗai ke kama shi, magani kuma tsayar da shi yake yi. Mai ciwon suga shi ma ya kamata a duba bayan idonsa duk shekara, don suga na lalata jijiyoyin wurin kuma yana gaggauta yana. Dundumi na ƙarancin sinadarin bitamin A akwai shi, amma kada dattijo ya yanke wa kansa hukunci ya dogara da hanta da manja da karas alhali yana ce ke tafe.

Kawu dai sai da na haɗa shi da babbar 'yarsa kafin ya yarda. Aka samu yana a idon dama, na hagu kuma ta fara. Bayan aiki, da ya koma hanya, abin da ya fara ce mini shi ne ashe allunan hanya kore ne shar, shi ya ɗauka duk sun koɗe.

9. Sauya lokacin tafiya

Ba a sayensa a kasuwa, amma yana da farashi. Mai kaya na son lodinsa ya kwana a Legas, zafin rana na cin taya, wasu hanyoyin kuma tsaro ne ke yanke lokacin bin su. Duk da haka, tashi bayan Asuba da yada zango bayan Isha'i, ko barin yaro mai lasisi ya ja tsakiyar dare, ko rage gudu yadda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da fitila ta nuna maka, duk suna aiki tun daga daren farko.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Gyara a hanya | Nisan gani | Kashe ido |
|---|---|---|---|---|---|
| Goge murfi, waya, saiti | Kaɗan | Waya shekaru, gogewa watanni | Mai sauƙi | Ƙari sosai a tsohuwar mota | Yana rage wa mai zuwa |
| Halojin mai kyau | Kaɗan | Gajere | Ko'ina | Ƙari kaɗan | Babu matsala |
| Ƙwan LED a kwanon halojin | Matsakaici | Ya danganta da fanka | A mayar da halojin | Sau da yawa baya yake ci | Mai yawa |
| Zenon na ɗaurawa | Matsakaici | Akwatin wuta na mutuwa | Da wuya | Ba tabbas | Mafi muni |
| Cikakkiyar LED ta gaske | Mai yawa | Shekaru | Da wuya | Mafi kyau | Kaɗan in an saita |
| Ƙarin fitila | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Mai sauƙi | Sosai a daji | Mai yawa in ba a kashe ba |
| Tabarau mai launi | Kaɗan | Ba ya daɗewa | Babu | Yana ragewa | Sanyin ido kawai |
| Gilashin likita | Kaɗan zuwa matsakaici | Shekara biyu ko fiye | A riƙe na ajiya | Ƙari ga mai buƙata | Yana rage maka |
| Aikin yana | Matsakaici, da hutun makonni | Na dindindin | Babu | Ƙari sosai | Shi ne maganin |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In kokenka shi ne fitilar mai zuwa, kana ganin zobe ko haske na fashewa, ko ka lura ido ɗaya ya fi ɗaya idan ka rufe su bi da bi, kada ka kashe ko sisi a kan fitila tukuna. Asibiti. Haka mai ciwon suga, da wanda wani a gidansu ya makance da hawan jinin ido.

In yaron motarka ɗan shekara ashirin da biyar shi ma yana cewa motar ba ta gani, laifin na mota ne. Mita, katanga, gogewa, sabon halojin biyu. Yawancin tsofaffin 'yan Beljiyam a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In motar daga Ingila ta zo, ko azurfar kwano ta ƙone, sauya fitilar gaba ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi kwanon halojin na asali mai ɗagawa dama, ko da na hannu ne mai kyau. Mai motoci da yawa da ke tafiyar dare kullum, cikakkiyar LED ta gaske za ta biya kanta.

Mai bin dogon daji inda ake yin rabin awa ba a haɗu da kowa ba, fitila biyu masu jefa nesa, a haɗe da ful, sun isa. Mai bin Kano zuwa Kaduna, inda ba ka minti ɗaya ba ka yi dim ba, ba ya buƙatarsu.

Wanda likita ya ce gefen ganinsa ya tafi, ko aka yi aiki amma dare bai gyaru ba, ya zauna da maigida a yi maganar tafiyar rana ko gajeren zango. Kawu yanzu yana jiran aikin ido na biyu bayan kaka. Kafin nan ya cire biyu daga cikin fitilun bamba, ya sa an haɗa sauran biyun da ful, kuma in Magariba ta same shi a Tafa, a nan yake kwana.